Tasar Abba

Laifin nawa ne. Ba na matata Asabe ba ne, ba na Inna mahaifiyarmu ba, ba kuma na mayu ba kamar yadda aka yi ta faɗa a unguwarmu. Ɗana Abba ya kusa mutuwa da yunwa a gidan da buhun shinkafa yake jingine a ɗaki, kuma ni ubansa, da hannuna na juye abincin da zai taimake shi. Yanzu da Allah ya tashi kafaɗunsa, ga shi can tsakar gida yana korar kaji, na ga ya kamata in rubuta yadda abin ya faru, ko wani uban ya tsira daga irin wautata. Karatuna bai wuce elementare ba, sai a yi haƙuri da rubutun.

Sunana Garba, kuma awo na gada. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ma'auni ne a kasuwar Wudil, tun ina ƙarami nake zama gefensa ina riƙe bakin buhu. In aka zuba gero a tiya, daga nesa nake gane wadda ta cika da wadda aka yi wa wayo. Da kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya koma son abin gwangwani da na kwalba, sai na bar wa wana Yaya Mamman awon hatsi, na buɗe tireda kusa da tasha. Ina sayar da madara, sukari, biskit, alawa da lemon kwalba. Allah ya sa wa abin albarka, har na sayi babur da rediyo mai kaset.

Gida ɗaya muke da Yaya Mamman da matarsa Yaya Larai da 'ya'yansu, da Inna. Tukunya ɗaya ake ɗorawa. Maza su ci a zaure, mata su ci nasu, yara kuma duk a zuba musu a babban kwano guda su kewaye shi. Haka muka tashi. Mahaifinmu yakan ce ranar da aka raba kwano, ranar aka raba gida, kuma mun riƙe maganar kamar wasiyya.

Abba shi ne ɗanmu na fari, sunan mahaifinmu aka sa masa, saboda haka kunyar ta zama biyu. Ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo ba. In ya rarrafo wajena sai in kau da kai, in ce wani ya zo ya ɗauke yaron nan. Asabe ma daga shayarwa ba ta ƙara komai a idon jama'a, Inna da Yaya Larai ne masu goyo da wasa. Bayan an yaye shi an dawo da shi daga Lajawa, gidan kakarsa ta wajen uwa, sai aka zaunar da shi a kwanon yara kamar kowa. Ni kuwa tunda ba halin in rungume shi, sai na mai da soyayyata biskit. Da hantsi in aiko da ƙunshi, da la'asar in aiko da lemo. In aka ce mini ya shanye sai in ji daɗi, in ce a raina ɗana yana shan abin da ni ban ɗanɗana ba sai da na yi gemu.

Wata rana gab da magariba na shigo cikin gida ba zato, sai na hango Asabe a bayan rumbu. Ta ɗora Abba a cinya, a hannunta akwai wata 'yar tasa mai zanen fure daga cikin kayan jerenta. Ta marmasa tarwaɗa a ciki da ɗan tuwo mai laushi da gwaiduwar ƙwai, tana ba shi da yatsa. Can tsakar gida kuma ga sauran yara sun kewaye kwanonsu. Kunya ta kama ni, sannan kunyar ta juye ta zama fushi. Maimakon in jira mu shiga ɗaki, sai na ɗaga murya yadda har Yaya Mamman ya leƙo daga zaure.

Na ce, “Yaushe aka fara ɓoye abinci a gidan nan? 'Ya'yan Yaya ba 'ya'ya ba ne? Ko naki ne kaɗai yake da baki?”

Kanta a ƙasa ta ce, “Malam, ba ya samu a can.”

Ni a kunnena, cewa ta yi 'ya'yan wana suna cinye masa. Na fizge tasar, na taka har wajen yaran, na juye ta a cikin babban kwano. Kafin in miƙe tsaye sun share. Na ƙara da cewa ɗan fari ma ba ta ji kunyar rungumarsa ba. Yaya Larai ta ce haba Garba, ai da ka bar ta. Amma Inna ta ce na yi daidai, ta ce ƙwai kuwa sai dai in ɓarawo ake so a mai da shi. Asabe ta ɗauki tasar ta wanke, ta mayar da ita cikin jere.

Ba a daɗe ba gudawa ta kama Abba. Aka ce haƙori ne, kowane yaro yana yi. Ta tsaya, ta dawo. A mako na biyu ko na uku kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi luhu-luhu. Ranar da na saci kallonsa na ga haka, a tireda har fariya na yi wa abokan hira, na ce ku dubi aikin kayan gwangwani, yaro ya zama kamar ɗan Bature. Allah ya yafe mini. Bayan haka gashinsa ya fara ja kamar gemun masara, in an shafa sai ya biyo hannu. Ya daina gudu, ya daina tafiya, inda aka ajiye shi nan za a dawo a same shi. Kukansa ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa. Fatar cinyoyinsa ta yi baƙi-baƙi tana saɓulewa.

Daga nan masu ba da shawara suka yi ta shigowa. Inna ta ce ciwon shawara ne, a hana shi mai da kifi da duk wani abu mai maiƙo, a bar shi da koko tsararo da jiƙon sassaƙe. Aka yi haka. Wata maƙwabciya ta ce kamun maita ne, har ta ambaci wata tsohuwa mai tallan daddawa da ta taɓa shafa kansa, baiwar Allah ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. Aka kira wanzami ya yi masa tsaga a ciki, ya ce mataccen jini ne, na ba shi kuɗi da zakara. Na karɓo rubutu aka wanke masa. Duk wanda ya faɗi abu sai in yi, in biya, ina ganin ai ban rage komai ba. Mutum ɗaya ce kawai ban saurara ba. Asabe ta roƙe ni a kai shi asibiti, ta sake roƙo, na ce asibiti allura kawai suka sani, kuma allura ba ta shiri da shawara. Sai da Yaya Larai ta kai maganar gaban mijinta, shi kuma ya kira ni zaure ya ce gobe a kai yaron nan, sannan na yarda, don ba na musu da shi.

Ranar Alhamis ce. Muka isa asibitin garinmu da sassafe muka tarar da layin mata har bakin ƙofa, kowacce da goyo. Wajen yankar kati aka tambaye ni sunan yaro, na tsaya ina inda-inda, don sunan mahaifina ne kuma ɗan fari, sai da wata mata a baya ta ce malam ko aro ka yi ne, aka yi ta dariya. Rana ta take sosai kafin mu shiga wajen Sista. Mutuniyar kudancin Zariya ce, doguwa, Hausarta tas, bakinta kuma da kaifi. Ta sa Abba a wani ɗan wando mai igiya ta rataye shi a sikeli irin wanda muke auna gyaɗa da shi. Ta dubi allurar sikelin, ta dube ni. Sannan ta danna babban yatsanta a bayan ƙafarsa. Da ta ɗaga, gurbin yatsan ya zauna kamar an danna ƙullun fura. Ta ce wannan ruwa ne, ba ƙiba ba.

Ta ce, “Malam, jiya me yaron nan ya ci?”

Na gyara zama na lissafa mata: da safe koko da ƙosai, da rana shinkafa da wake da manja, da dare tuwon dawa miyar kuka da kifi.

Ta ce, “Madalla, gidanku akwai daɗi, zan zo yini. Amma ba abin da aka dafa na tambaye ka ba. Me ya shiga cikinsa, kuma yaya yawansa?”

Na ce ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ta ce to idon ya kalla? Ta juya ga Asabe. Asabe ta ɗan dube ni, sannan a hankali ta faɗa: koko bai kai rabin ludayi ba, biskit, lemo, sai tuwo loma biyu ko uku ba miya, wanda ta faki ido ta tura masa. Tana faɗa tana nuna girman lomar da yatsunta. Na katse ta, na ce wa Sista mata ba su san awo ba, ni ma'auni ne ɗan ma'auni, na san abin da yake shiga gidana.

Sista ta ce, “Ma'auni ne kai? To in mutum ya zo sayen gero, rumbu kake nuna masa ka ce ya biya, ko abin da ya shiga buhunsa kake ƙirgawa?”

Har yau in na tuna maganar nan sai in ji gumi. Amma a lokacin haushi na ji. Ta rubuta takarda ta ce a wuce da shi Kano yau, ba gobe ba, nan ba su da abin da zai riƙe shi. Muka fito, na ce wa Asabe gobe Juma'a ce, ranar kasuwa, cinikin mako duk a ranar yake, a bari sai Asabar. Na rubuta wannan ne don a san iyakar inda wautata ta kai.

Ranar Juma'a da hantsi, kasuwa ta cika, motocin shanu sun tare hanya, ina cikin ba da canji sai ga Yaya Mamman tsaye a kaina. Tun da na san shi bai taɓa barin wajen awo ranar kasuwa ba. Ya ce rufe. Na fara cewa Yaya ai, ya sake cewa rufe. Ashe Abba ya daina karɓar ko ruwa, ƙafafunsa sun yi sanyi, Yaya kuma har ya yi shatar a-kori-kura tana jira a ƙofar gida. Muka haye gada muka nufi Kano, Asabe ta lulluɓe shi da zane biyu a cikin zafin nan.

Wahalar babban asibiti ba sai na tsawaita ba, wanda ya je ya sani. Daga wannan taga a tura ka waccan. Mai gadi ya hana ni shiga sai da na ba shi na goro. Yara bibbiyu a gado ɗaya, iyaye mata a ƙasa kan tabarma, mu maza kuma gindin wata bishiya a waje. Wasu magungunan a ce babu, sai ka fita ka sayo, ga kuɗin abinci, ga na mota tsakanin Kano da Wudil. Kafin mako biyu rediyon nan mai kaset ya tafi, daga baya babur ya bi shi, kuma ban yi kewarsu ba. Amma a wurin nan na ga mutanen kirki. Likitan da ya duba shi saurayi ne, bai yi mini faɗa ba, ya dai ce sunan ciwon kwashoko, wanda mu muke ce wa tamowa, ya ce ba iska ba ce, ba maita ba, ƙarancin abinci mai gina jiki ne. Ya ce da mun ƙara kwana, da wata maganar ake yi.

Suka zura masa siririyar roba ta hanci, suna ɗura masa madara da aka haɗa da sukari da mai, kaɗan-kaɗan, a kai a kai. Ta taga nake leƙe. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kofin da suke amfani da shi, mai zane-zane a jiki. A auna abin da za a ba shi, in ya rage a auna ragowar, in ya yi amai a kimanta shi. Ba wanda yake cewa ya ci da yawa ko ya ɗan taɓa. Na tsaya ina kallon sana'ar gidanmu a hannun wasu, ana yi wa ɗana abin da ni ban taɓa yi masa ba.

Cikin mako na biyu kumburin ya saɓe. Abin da ya rage ya ba ni tsoro, ƙashi da fata, idanu sun faɗa, sikeli ma ya nuna ya ragu. Yaron da suke gado ɗaya ya rasu, na ga uwar ta fito da shi a naɗe. Inna ta aiko cewa a dawo da shi gida, in mutuwa ce ya mutu cikin danginsa. Zuciyata ta karye, na kira Asabe bakin baranda na ce ta haɗa kaya.

Ta ce, “Malam, sau ɗaya na bari ka karɓe abinci daga bakinsa. Ba zan ƙara ba.”

Tun da aka kawo ta gidana ba ta taɓa ce mini a'a ba sai ranar. Ta juya ta koma ciki. Wata dattijuwa mai sharar ɗakin da ta ji mu ta ce mini in kwantar da hankalina, saɓewar kumburi alheri ce, ruwan banza ne ya fita. Ta ce ita ta daɗe a ɗakin nan, abin da take jira a wurin irin waɗannan yara murmushi ne, duk wanda ya yi murmushi ya haye. Ban san sunanta ba, Allah ya saka mata.

A makon ne na koma Wudil don in sayar da babur. Da rana aka sauke tuwo, maimakon in tsaya a zaure sai na shiga cikin gida na zauna a kan turmi, abin da ban saba ba. Aka ajiye kwanon yara. A wurin da Abba yake zama, yanzu Uwani ce, autar Yaya Mamman, wadda ba a daɗe da yaye ta ba. Na zuba ido.

Tuwon da zafi, tururi yana tashi. Manyan hannunsu ya saba, suna gutsura suna jefawa. Uwani ta kai hannu ta janye, ta tsaya tana hura yatsu. Ta samu ta gutsuri ɗan kaɗan ta dangwali miya, yaji ya kama ta, ta tofar. Kifin da aka sa, babban cikinsu ya raba kamar yadda aka koya masa, daga babba zuwa ƙarami, ita kan kifin ya zo mata, ta tsotsa ta yar. Kafin tuwon ya huce yadda za ta iya, ƙanzo ya rage. Ta lashi hannu, ta miƙe ta bi wata kaza. Inna ta ce Uwani ta ƙoshi, a wanke mata hannu. Ba wanda ya zalunce ta, ba mugu a cikin yaran, kowa ya ci yadda hannunsa ya kai ne kawai. Na ɗauki wani gwangwanin madara da yake yashe a gefen murhu na juya shi a hannuna. Duk abin da ya wuce maƙogwaron yarinyar nan bai kai rabinsa ba. Na dubi goshinta, gashin wurin ya fara ja. Sai muryar Asabe ta dawo mini, ba ya samu a can.

Da la'asar na sami Yaya a zaure, ban san yadda ƙane zai ce wa wansa a raba kwano ba. Na faɗa masa abin da na gani tiryan-tiryan. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce Baba ya hana raba kwano ne don kada zumunci ya mutu, bai ce a bar yara su mutu don kwano ya rayu ba. Ya shiga ciki da kansa ya ce daga yau duk yaron da aka yaye, a zuba masa nasa daban a gefen babban kwano, a ɗebi miyarsa kafin a sa yaji, kuma babba ya zauna da shi har ya gama. Inna ta ce to ban da ƙwai. Yaya ya ce, “Inna, ɓarayin kasuwar nan da kika sani, a gidan wa suka samu ƙwai suna yara?” Yaya Larai ta toshe baki da gyale, Inna ma sai da ta murmusa, ta ce mu yi abin da muka ga dama, zamani namu ne. Washegari aka kai Uwani wajen Sista, aka tare abin tun bai yi nisa ba.

Da na koma Kano an cire wa Abba robar hanci, yana karɓa da cokali. Bayan 'yan kwanaki ina tsaye a taga, Asabe tana ba shi kunun gyaɗa, cokalin ya suɓuce ya faɗi ya yi ƙara. Sai na ga gefen bakinsa ya motsa, haƙoransa suka bayyana. Ban san lokacin da na shiga ɗakin ba. Na ɗauke shi a gaban duk matan nan, ba nauyi kamar ɗan tsako, na riƙe shi a ƙirjina. Wata ta ce ai ɗan fari ne, malam ba kunya. Na ce na ji kunyar ta ishe ni.

Mun fi wata guda kafin a sallame mu. Daga nan kowane mako muna wajen Sista a yi masa awo. In ta hango ni sai ta ce a ba ma'auni hanya. Ita ta koya mana aiki da gwangwanin madara: a auna kunun gyaɗa ko faten wake ko tuwo mai laushi kafin a ba shi, a auna abin da ya bari, in ya saba ragewa a zo a faɗa mata. A daka ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi a barbaɗa, a sa zogale, a ɗiga manja, ƙwai in kaza ta yi. Kada a jira sai manya za su ci, cikin yaro ƙarami ne, a ba shi kaɗan amma sau da yawa. Biskit da lemo kuwa ta ce toshe ciki kawai suke yi, in dole ne sai bayan ya ci. Abin da ya ba ni mamaki, duk abin da ya tashi yaron nan a kasuwarmu yake, a bakin koginmu yake, wasu ma a bayan gidanmu. Ba ko ɗaya a cikin tiredata. Allurar sikeli ta riƙa matsawa a hankali, gashi baƙi ya tsiro a ƙarƙashin jan, ya fara tafiya, ya fara ɓarna.

Na yi wa Allah godiya, na yi sadaka. Na gode wa Yaya Mamman, na gode wa Yaya Larai da ta riƙe gidan, na kai wa Sista kifi ta ce in mayar wa Abba. Tsohuwar nan mai daddawa ma na je har gida na gaishe ta, ba ta san dalili ba. Mutum ɗaya ce ta rage. Na sayo wa Asabe turmin atamfa, ta ce an gode, Allah ya ƙara buɗi, ta sa a akwati. Na lura kuma duk awon nan da ake yi, a wani tsohon kwano take zuba wa Abba, tasar nan mai fure tana cikin jere ba ta ƙara taɓa ta ba. Na yi wa Yaya Larai ƙorafi cewa na yi kyauta amma fuska ba ta saki ba. Ta ce mini Garba, a gaban mutane ka juye, atamfa kuwa a ɗaki ka bayar.

Na yi kwanaki ina juya maganar, don ban taɓa ganin namiji a gidanmu ya yi haka ba. Ranar da na yi, gab da magariba ne, an sauke tuwo, kowa yana tsakar gida, na roƙi Yaya Mamman ya shigo daga zaure. Na shiga ɗakin Asabe na ɗauko tasar da hannuna. Na je wajen tukunya na zuba tuwo, na marmasa kifi, na fasa dafaffen ƙwai a kai, yara sun bar cin nasu suna kallona. Na kawo na durƙusa na ajiye a gabanta, Abba yana jingine da ita.

Na ce, “Asabe, a nan na tozarta ki, a gaban Inna da Yaya, don haka a nan zan faɗa. Kin ce ba ya samu, gaskiya kika faɗa. Ke kika auna, ni ban auna ba. Na kira ki mai ɓoye abinci, alhali ran ɗana kike ɓoyewa daga wautata. Ki yafe mini don Allah.”

Ta daɗe tana kallon tasar. Sannan ta goge ido da bakin zane, ta ɗaga Abba ta ɗora shi a cinyata, ta turo mini tasar.

Ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam. Ka hura masa, da zafi.”